Ɗana na renon wiwi a bayan ɗakinsa, yaya zan yi?

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Kano, mahaifin yarana ya rasu shekara huɗu ke nan. Babban ɗana shekararsa 20, ya gama sakandare, sau biyu yana zana jarabawar shiga jami'a bai samu gurbi ba. Tun ƙarshen damina na ga ya duƙufa a kan wasu shuke-shuke guda biyar a bokitan fenti, a lungun da ke tsakanin ɗakinsa da katanga. Yakan je wajen masu kiwo ya roƙo kashin awaki, ya haɗa da ƙasa da toka. Da an idar da sallar asuba yana can, ya tanƙwara wannan reshe ya ɗaure da zare, ya tsinke wancan ganye, har da ɗan littafin da yake rubuta ranar da ya yi kowane abu. Ni har daɗi nake ji, na ɗauka rama ce. Sai da ƙanwata ta zo ta duba ta ce mini, Yaya, wannan ai wiwi ce. Na tambaye shi, bai musa ba. Ya ce shi ba sayarwa zai yi ba, wai a Kanada ma gwamnati ta yarda kowane gida ya shuka, kuma tunda da takin gargajiya ya rene ta, ba ta da illa. Kwanana uku ba na barci. In na faɗa wa baffansa, dukan kawo wuƙa zai yi masa, wataƙila ma ya kai shi gidan mari. In na yi shiru ina tsoron hukuma, ina tsoron bakin maƙwabta, ga ƙannensa mata biyu sun fara tasawa. Yaya zan yi?

Uwa mai damuwa, daga Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari.

Kada ki zargi kanki don kin ɗauka rama ce. Ganyen rama da na wiwi sun yi kama ƙwarai, har sunan da masana tsirrai suka raɗa wa rama ma'anarsa mai kama da wiwi. Na yi shekaru ina aikin malamin gona, na ga manoman da suka tsufa a lambu sun tsaya suna tantama a kan ƙaramar shukar kafin su murza ganyen su shinshina.

Bokitan nan biyar ba za su ƙara kwana a gidanki da abin da ke cikinsu ba. Wannan ba ya cikin abin da za a yi ciniki a kansa, kuma ba sai kin jira kowa ba. Dokar Najeriya ba ta san "ba sayarwa zan yi ba" ga wanda aka kama yana shuka. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa doka ta musamman a kan wiwi, wadda ta tanadi hukunci har na kisa ga mai noma ta. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 kuma ta sa shuka irin waɗannan abubuwa cikin laifukan da hukuncinsu ke iya kaiwa ɗaurin rai-da-rai. Alƙali yana iya sassautawa, amma yaro mai shekara 20 ba yaro ba ne a gaban kotu, kuma ko wata shida ya yi a gidan yari, sunan ya bi shi ke nan har wajen neman aiki da neman aure. Akwai kuma abin da mata da yawa ba su sani ba: dokar ba ta bar mai gidan da ya sani ya kawar da kai ba. Jiya ba ki sani ba. Yau kin sani. Saboda haka maganar ta shafe ki, ta shafi 'yan matan nan biyu da ke kwana a gidan.

Shi da kansa zai tumɓuke, ke kina tsaye. Kada ki faki idonsa ki zubar, don in kika yi haka abin da zai riƙe a ransa shi ne an ɓata masa aikin wata biyu, ya manta da laifinsa. Ya cire su da saiwarsu, ya sassara ƙanana, ya haƙa rami mai zurfi nan cikin gida ya jiƙa su da ruwa ya binne. Kada a ƙona, hayaƙin zai sanar da layin gaba ɗaya, kuma ƙannensa za su shaƙa. Kada a zuba a leda a ba almajiri ya kai bola, kin ɗora wa ɗan wani kayan da za su iya ja masa ɗauri ke nan. Ki kuma tambaye shi sauran irin, ya kawo, a daka a binne tare.

Yanzu ga hujjojinsa guda biyu. Ina so ki riƙe amsarsu da kyau, domin yaron da ya iya kawo hujja, da hujja ake karya shi, tsawa ba ta isa.

Maganar Kanada gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa miki. Tun 17 ga Oktoba 2018 ƙasar ta halatta wiwi ga manya, ta kuma yarda gida guda ya shuka abin da bai wuce guda huɗu ba. To nasa biyar ne, ko a can ɗin ya ƙetare iyaka. A lardin Kwibek kuwa an hana shuka ta a gida kwata-kwata, kuma sai mutum ya kai shekara 21 a sayar masa, wato ɗanki ko ƙofar shagon ba za a bari ya shiga ba. Jamus ma da ta sassauta a 2024, guda uku ta yarda wa baligi, da sharaɗin ya killace su daga yara. Waɗannan ƙasashen ba cewa suka yi wiwi ba ta da illa ba. Sun ga mutanensu na sha ko an hana, sai suka zaɓi su karɓe kasuwar daga hannun dillalai su sa mata ido, kuma har yau suna ta gardama a kan ko hakan ya yi amfani. Ko ma mene ne, ɗanki a Kano yake kwana, kuma alƙalin da za a kai shi gabansa ba da dokar Kanada zai yi masa shari'a ba. Ta fuskar addini kuwa, shi ma ya san hadisin da ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, ba sai na ja ba.

Ta biyun ita ce ta fi ba ni tausayi, don irin ta ake cusa wa yara a bidiyoyin waya. Wai tunda takin gargajiya ne, babu illa. Hajiya, abin da ke bugarwa a wiwi ba daga taki yake zuwa ba. Shukar ce da kanta take haɗa shi a furenta, sinadarin da ake kira THC. Taki abinci ne kawai. Zaƙami ma ai ba wanda ke zuba masa takin zamani, a juji yake fitowa, kuma kowa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha. Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa: a cikin masu sha gaba ɗaya kusan ɗaya cikin goma ne ke kasa dainawa, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa kusan ɗaya cikin shida. Mai sha kullum, musamman mai ƙarfin, yana cikin haɗarin taɓin hankali irin na jin muryoyi da zargin kowa, kuma haɗarin ya fi yawa in da ma akwai ciwon a dangi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya a shekarar da ta gabaci binciken. Na kawo wannan adadi ne don ki san ba ke kaɗai ba ce uwar da ta kwana ido biyu, kuma ba wata tsinuwa ce ta sauka a gidanki ba.

Abin da wasiƙarki ba ta faɗa ba, kuma shi ne ya kamata ki fara sani, shi ne ko yana sha, da kuma wanda ya ba shi irin. Ki zaɓi lokacin da ƙannensa ba sa nan, bayan ya ci abinci, ki zaunar da shi ki tambaya da murya ƙasa-ƙasa. Tambaya ɗaya, sannan ki yi shiru ki bar shi da shirun. Mu iyaye mukan yi tambaya mu amsa wa kanmu, yaro ya sunkuyar da kai har mu gaji. Ki tuna da kika tambaye shi da farko bai yi miki ƙarya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada ki sa ya yi nadamar faɗin gaskiya. Duk yadda ranki ya ɓaci, kada ki yi masa baki. Bakin uwa ba ya dawowa in ya fita.

In ya ce yana taɓawa jefi-jefi, kuma kin ga barcinsa da cin abincinsa da sallarsa ba su canza ba, to da sa ido da aikin da zan faɗa miki nan gaba ana iya shawo kan abin a gida. In kullum ne, ki shirya wa mako biyu masu wuya bayan ya daina: saurin fushi, rashin barci, ƙin abinci, mafarkai marasa daɗi. Yawanci makon farko ne ya fi tsanani, sannan ya riƙa sauka. Ba aljanu ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba. Amma in kika ga yana magana shi kaɗai, ko yana cewa ana bin sa, ko ya kwana uku bai runtsa ba, ko ya ambaci kashe kansa ko da wasa, to ranar nan za ki kai shi asibiti. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma na tarayya a Barnawa ta Kaduna. Zuwa can ba tallar hauka ba ce, likita ne zai duba shi kamar yadda ake duba mai hawan jini.

Maganar wanda ya ba shi irin kuwa, in abokinsa ne ya ba shi don gwaji, sai a raba su. In kuwa wani babba ne ya ba shi yana jiran amfanin, to abin ya wuce ke kaɗai, don mutumin zai zo neman kayansa. A nan dole namiji babba ya shigo, a kuma nemi shawarar lauya kafin a yi wani motsi.

Wannan ya kawo mu kan baffansa. Ban ce ki ɓoye masa har abada ba, ɗan ɗan'uwansa ne, yana da haƙƙi, kuma ranar da ya ji a bakin wani ke za a ga laifinki. Amma akwai bambanci tsakanin ki kira shi yanzu yana zuwa ya tarar da shuka a tsaye, da ki same shi bayan mako guda ki ce ga abin da ya faru, ga abin da muka yi, ga taimakon da nake nema. Kafin nan ki nemi wanda yaron ke jin nauyinsa ba tsoronsa ba, kawunsa ne, ko malaminsa na Islamiyya, ko wani aminin mahaifinsa, ya zama shi ne zai raka ki wajen baffan. Gidan mari kuwa ki tsaya da ƙafarki ki ce a'a. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani irin gidan a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, cikinsu har da ƙananan yara. Iyayensu da kyakkyawar niyya suka kai su. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, ba ta taɓa abin da ya sa yaro ya nemi hayaƙin, kuma da yawa sukan fito da ƙiyayyar iyayen da suka miƙa su. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To, Hajiya, ga abin da ya sa na daɗe a kan wasiƙarki. Kin rubuto mini laifin ɗanki, amma a cikin bayanin kin zayyana mini manomi ba ki sani ba. Yaron da ya san kashin awaki sai an haɗa shi da ƙasa da toka, yake tashi da asuba ba wanda ya tashe shi, yake tanƙwara reshe a hankali bai karya ba, yake rubuta kwanan wata. Na zaga lambuna daga Kadawa zuwa Kura zuwa Garun Malam ina roƙon magidanta su riƙa rubuta ranar dashe da ranar feshi, waɗanda suka yi ba su cika hannu ba. Shi ba wanda ya roƙe shi. Shekara biyu yana zaune, abokansa sun tafi makaranta, ba uba, ba sana'a, sai ya sami abu guda da in ya taɓa yake ganin sakamako. In kika tumɓuke shukar kika bar masa lungun nan fayau da asubar nan fayau, wani abu zai cike gurbin, kuma ba ke za ki zaɓa ba. Saboda haka ranar da aka binne wiwi, ranar za a dasa wani abu a bokitan.

Ni tumatir zan ce. Dalilina, tumatir shuka ce mai son hannu, duk abin da ya koya na ɗauri da tanƙwara da rage ganye zai yi masa aiki, kuma yanzu da sanyi ya fara shigowa shi ne lokacinsa. Tumatir ba ya son zafi, in rana ta yi tsanani kamar ta watan Maris da Afrilu sai furen ya riƙa zubewa bai ɗaura ɗa ba. Don haka kada ya tsaya renon iri, ya je wajen masu lambu ya sayo dashe mai mako uku zuwa huɗu, gajere mai kaurin kara, ba dogo siriri ba. Ƙasar da ya haɗa tana nan da kyanta, ya juye ta ya tsince saiwoyi, ya ƙara ruɓaɓɓen taki, ya tabbatar gindin kowane bokiti a huje yake. Bokiti ɗaya, tumatir ɗaya. Ya dasa da yamma, ya nutsa karan har kusa da ganyen farko, domin karan tumatir duk inda ya taɓa ƙasa saiwa yake fitarwa. Sai dai lungun nan da ya zaɓa don ɓuya ba lalle ya wadatar ba, tumatir na son rana ta aƙalla awa shida. A fito da bokitan tsakar gida inda kowa zai gani. Wannan ma wani magani ne.

Ya tambayi mai dashen wane iri ne, don askin, wato rage rassa, ya danganta da haka. Irin da aka fi nomawa a lambunanmu, kamar UC82B da Roma, gajeru ne, sukan yi tsawonsu su tsaya su zuba 'ya'ya kusan lokaci guda. Waɗannan ba a yi musu aski mai yawa, in ka cika cire musu reshe ka cire kwandonka ne. Abin da za a cire kawai shi ne tohon da ke ƙasa da furen farko, da ganyen da ke jan ƙasa. Akwai kuma dogayen iri da masu gidan leda, wato rumfar leda da ake noma a cikinta, ke shukawa, waɗanda ba sa daina tsawo sai an datse kansu. Su ne za su fi burge ɗanki. Ana kafa musu gora ko sanda mai tsawon mita biyu tun ranar dashe, kada a bari sai sun girma a soki saiwa. A bar kara ɗaya, ko biyu in shukar na da ƙarfi, sauran duk a cire.

Ga yadda zai gane abin cirewa. A duk inda ganye ya haɗu da kara, a hammatar nan, wani ɗan toho yakan leƙo. In aka bar shi sai ya zama cikakken reshe, shi ma ya fitar da nasa, kafin wata guda shukar ta zama duhu, iska ba ta ratsawa, 'ya'ya su yi yawa su yi ƙanana, cuta ta sami wurin kwana. Ana tsinke shi tun bai kai tsawon ɗan yatsa ba: ka kama da babban yatsa da manuniya, ka kwantar da shi gefe, zai ɓalle da ɗan sauti, ya bar ƙaramin miki da zai bushe kafin azahar. Shi ya sa da safe ake yi, bayan raɓa ta ɗauke, ba da yamma ba kuma ba a kan jiƙaƙƙen ganye ba. Wanda ya yi layi guda zai ga yatsunsa sun yi kore sun koma baƙi-baƙi, da wani ƙamshi mai kaifi da sabulu ba ya fitarwa a wanki ɗaya. Har yau in na ji ƙamshin nan sai na tuna safiyar hunturu a bakin kwami. In toho ya ƙwace ya yi kauri, kada ya fizge, ya sa reza mai tsabta, ya riƙa goge ta da ruwan bilic tsakanin shuka da shuka. Ki kuma gaya masa wannan daga bakina: akwai cutar da ke sa ganyen tumatir ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, asalinta ta taba ce, kuma hannun mai shan sigari yana iya ɗauko ta ya shafa wa shuka. Manoman ƙwarai sukan wanke hannu da sabulu kafin su taɓa lambu.

Ɗauri kuma da tsumma ake yi, tsohon zane da aka yayyaga, ba zare ko waya ba, don kara na ƙara kauri zare zai shige cikinsa. A zagaya tsumman a kara, a gitta shi, sannan a ƙulle a jikin sandar, a bar sararin da yatsa zai shiga. Duk bayan taƙi guda na tsawo a ƙara wani, don in 'ya'ya suka yi nauyi tsumman ya tallafe su. Kuskuren da masu zafin hannu ke yi, kuma ina jin ɗanki zai yi, shi ne su kwashe ganye don rana ta haska 'ya'ya. A Turai wataƙila, a Kano kuwa rana ƙona su take yi, gefe guda ya yi fari ya lotsa. Ganyen ƙasa da ya yi rawaya shi ake cirewa, biyu ko uku a mako, na saman 'ya'ya a bar musu laimarsu.

A kan taki, abu biyu zai kiyaye. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, yana ƙona saiwa. Ya tara shi da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da 'yar toka, ya yayyafa ruwa ya rufe, ya riƙa juyawa duk mako biyu. In ya sa hannu a tsakiya zai ji ɗumi kamar tuwon da aka sauke, alamar yana nuna ke nan. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari, ya koma ƙamshin ƙasar farkon damina. Na biyu, taki in ya yi yawa sai tumatir ya yi ta ganye kore shar ba fure. Ruwa kuma a gindi ake zubawa, daidai wa daida kullum. In aka bar bokiti ya bushe ƙayau sannan aka malale shi, gindin 'ya'yan ne zai yi baƙi ya ruɓe, ko su tsage. Ya kuma riƙa ɗaga ganye yana dubawa saboda tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye lambunan Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Alamarta farin zane ne a cikin ganye kamar an yi tafiya a ƙarƙashin fata. A bokiti biyar hannu ya isa, a tsinke ganyen a murƙushe, a riƙa fesa ruwan dakakken ƙwallon darbejiya da yamma.

In da ɗan fili a jikin katanga, ya ƙara da zogale biyu. Zogale in an ƙyale shi sai ya miƙe kamar sandar tuta, ganyen ya tafi inda hannu ba ya kai. In ya kai ƙugu aka datse kansa, sai ya fasa rassa ta ko'ina, su ma a datse bakinsu, ya zama kurmi a daidai tsawon mutum. Kin sami na kwaɗo da na miya, shi kuma ya sami na sayarwa.

Kada ki ɗauka wannan wasan yara ne na rage zaman banza. A ƙasar Maraɗi, tun wajen 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa duk shekara, kalgo da sabara da sauransu, kututturan bishiyoyi ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya nuna musu su zaɓi reshe mafi ƙarfi a kowane gindi su bari, su cire sauran, su riƙa yi masa aski yana tashi. Manoman suka karɓa suka kira shi sassabin zamani, kuma da wuƙa da lauje kawai aka dawo da bishiyoyi a gonakin da aka ƙiyasta sun kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Sanin reshen da za a bari da wanda za a cire ilimi ne da ke ciyar da mutane. Masu gonakin mangwaro da gwaba da lemo suna neman mai hannun aski da aure-auren bishiya, masu gidan leda suna neman yaran da za su iya ɗaurin tumatir da kokwamba, masu sayar da dashen itatuwa a bakin titi suna ɗaukar yara koyo. In ya kama, ya sake cike takardar jarabawa ya sa aikin gona a gaba: akwai kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta, akwai tsangayar aikin gona a Jami'ar Bayero, akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samarun Zariya. Wannan ne taimakon da za ki nema wajen baffansa, kuɗin dashe da gora yanzu, sannan ya haɗa shi da wani mai lambu na kirki da zai riƙa bi ranar Asabar da Lahadi.

Ba zan yi miki alkawarin tumatir zai raba shi da hayaƙi ba. Yana iya komawa, sau ɗaya ko sau biyu, kuma in hakan ta faru ki gaya masa a fili cewa shuka ko ƙulli ba za su sake shiga gidan nan ba, sannan ku tafi wajen likita tare. Ki riƙa shiga ɗakinsa kamar yadda kowace uwa ke shiga, ba da sanɗa ba. Ki san abokansa da sunansu, ki kira su su ci abinci a gidanki ki ga idonsu.

Littafin nan nasa kuma kada ki yaga. Ki ce ya ja layi a ƙarƙashin shafin ƙarshe, ya buɗe sabo ya rubuta ranar dashe. In komai ya tafi daidai, cikin mako huɗu zuwa biyar za ku ga furen farko, ɗan ƙarami rawaya. Ki sa shi ya rubuto mini da kansa a lokacin, ya gaya mini irin da ya samu da yawan karan da ya bari, zan faɗa masa abin da zai yi da su kafin zafi ya shigo.